Ɗigon Jan Farce a Kan Noti

Dogo ya naɗe ƙafafunsa ya shiga jirgin, ya jawo murfin gilashin ya rufe kansa. Ina tsaye a gefen fiffike ina murza tsumma a hannu, ina jiran ya ɗaga mini yatsa. Ko maɓalli ɗaya bai taɓa ba sai na ga ya yamutsa fuska, ya ture murfin, ya leƙo da kai waje kamar wanda aka kulle a banɗakin tasha.

"Mutumina, da fetur ka wanke cikin nan?"

"Wane irin fetur kuma?"

"Irin na gidan mai. Kai ba ka ji ba?"

Na matso, na cusa kai, na ja numfashi kamar da gaske. "Eh, ɗan kaɗan," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan kaɗan? Ni idona har yaji yake yi." Ya zaro ƙafa ɗaya, ya zaro ɗayar, ya sauko yana kakkaɓe wando. "Na yi shekara da shekaru ina feshin gonaki da jirgi ban mutu ba, ba zan zo in ƙone a cikin gwangwaninka ba. Ka nemo inda yake yoyo. Ranar da na rufe murfin nan ban ji komai ba, ranar zan tashi da shi."

Gwangwani ya ce. Na haɗiye, don shi kaɗai ne matuƙin da ya yarda ya gwada mini jirgin, sauran duk dariya suka yi mini. Shi ma ɗin lokacinsa ya ƙure, idonsa ya fara raguwa, ya ce daga bana ba zai sake sabunta lasisi ba. Ga damina ta kusa, da ruwa ya sauka tsohon filin jiragen feshin da ke bayan gidana zai koma taɓo, ko akuya ba za ta iya gudu a kansa ba.

Gaskiyar magana ban ji komai ba. Hancina ya daɗe da mutuwa. A gareji na ƙarar da ƙuruciyata, da fetur nake wanke noti, da shi nake wanke hannu, in tiyo ya toshe da baki nake zuƙa. Sai wata shekara mura mai zafi ta kama ni, da za ta tafi ta haɗa da ɗan abin da ya rage. Tun daga nan turare da kashin kaza duk ɗaya suke a wajena. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin asara ba, saboda akwai hanci a gidan, mai kyau kuwa. Matata tana iya tsayawa a ƙofar falo ta ce mini madarar da ke cikin firij ta juya.

Sufeto nake kiranta, kuma jirgin ne ya jawo mata sunan. Da na ajiye aikin gareji na fara ƙera shi a rumfar bayan gida, mai kujera biyu, ta hagu ta matuƙi, ta dama tata. Unguwa ta samu abin hira, har yau Kyaftin suke ce mini, ba kuma don girmamawa ba. Ita ce kawai ba ta yi dariya ba, in ma ta yi to a ɗaki ta yi. Takan jawo kujerar roba ta zauna a bakin rumfa da ɗinkinta. Wata rana na rasa ko na ɗaure wani noti ko ban ɗaure ba, na bi layi guda ina kwancewa ina masifa ni kaɗai. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da kwalbar jan farcen da aka ba ta tsaraba, ita kuwa ba shafawa take ba.

"Ɗaure," ta ce. Na ɗaure. Ta ɗiga ja, rabi a jikin notin, rabi a jikin ƙarfen da ya kama. "Duk wanda ka ga ja a kansa an gama da shi. In ya motsa jan zai tsage, ka gani da idonka, mu huta da surutu."

Haka muka yi aiki tun daga ranar. In na ja sifana na ji ya kai, sai in ce, "Na ɗaure." Ita kuma ta ce, "Na gani," sannan ta ɗiga. Ba ta ɗigawa sai ta ga hannuna ya ja, ko da zan rantse mata. In ta waiga ta kori kaza a lokacin da na ja, to sai na sake. Jirgin ya cika da jajayen ɗigo kamar mai ƙyanda, ni kuma na yarda da ɗigon nan fiye da yadda na yarda da hannuna.

Ciwo ya kwantar da ita jirgin bai ƙarasa ba. Watannin nan ban leƙa rumfa ba, daga asibiti sai kantin magani. Bayan ta rasu ma na daɗe ban buɗe ƙofar ba. Ranar da na buɗe, kaina fayau, ban tuna inda muka tsaya ba. Ɗigonta ne ya gaya mini. Duk inda na ga ja na wuce, inda babu na ɗora. Nawa ɗigon da fenti ruwan ɗorawa na yi shi, don kwalbarta ban iya buɗewa ba.

Akwai kuma maganar Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ita kaɗai ce a kusa, sauran duk sun yi nisa sai waya. Ta taɓa zuwa ta same ni a kicin ina shan shayi hankali kwance, tukunyar gas tana tsiyaya a bayana. Ta ja ni waje da riga, ta buɗe tagogi, ta zauna a dakali ta yi kuka mai isarta. Daga ranar ta kafe kai da fata sai na koma gidanta. Ta ware mini ɗaki a saman bene, har da labule. Na je na gani, tagar tana kallon bangon maƙwabta, ko guduma ba ka da inda za ka rataya. Muka yi ta ja, ƙarshe na ce mata ta bar ni in ga jirgin ya tashi. In ya tashi, ta yarda ban rikice ba, ta ƙyale ni a gidana. In damina ta sauka yana ƙasa, in kulle rumfa in bi ta. Ta amsa da sauri, don ita ma ba ta taɓa zaton zai tashi ba.

To ka ji inda nake ranar da Dogo ya hau tsohon babur ɗinsa ya bar ni da warin da ba na ji.

Na fara daga inda kowane bakanike zai fara. Tankunan a cikin fukafukai suke, bututu ya fito daga kowanne, suka haɗu a ƙarƙashin kujeru, ɗaya ya wuce gaba zuwa famfon buɗe mai, daga nan matatar mai, daga nan kafireta. Na buɗe murfin tankin hagu na ga robarsa ta ɗan bushe, na yi murna kamar na tsinci kuɗi. Na canza ta. Na jira Dogo, don sau ɗaya yake zuwa a mako. Ya zo, ya shiga, ya rufe, ya buɗe, ya girgiza kai. Ko shayin da na dafa masa bai tsaya ya sha ba.

Na kwance famfon na sake masa sabuwar roba. Na kwance matatar man na wanke. Na sayo hodar jarirai na barbaɗa a kan duk wata mahaɗa da ke da ɗigon ruwan ɗorawa, don inda fetur ya jiƙa hoda takan yi duhu. Na zauna a kan bokiti ina kallon farar hoda har wuyana ya ƙage, ba ta canza ba. Na zuƙe man, na ɗaura balan-balan a bakin bututun numfashin tanki, na hura iska kaɗan har ya kumbura, na toshe ko'ina. Kafin la'asar ya yi yaushi kamar tsohon tumatir. Wato akwai inda iska take fita. Na kaɗa ruwan sabulu na bi mahaɗun da buroshi ina neman kumfa. Duk nawa na bi, ɗaya bayan ɗaya, har wanda ba shi da alaƙa da mai. Na Sufeto kuwa ko kallo na biyu ban yi musu ba, ai an gama da su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk gyaran da na yi ba ni da hanyar sanin ko ya yi. Sai na fara aron hanci. Na kira telan da ke kusa da ni, ya zo da tef a wuya, ya shinshina jirgin, ya shinshina benci, ya shinshina ni.

"Kyaftin, ai komai na gidan nan warin fetur yake. Kai ma in aka ƙyasta ashana kusa da kai sai Allah."

Na kira mai shagon bakin layi, shi kuma tun daga ƙofa ya ce bai ji komai ba, amma in zan sayar da gilashin nan yana so, zai yi kyau a kan tiren burodinsa. Na raka shi waje tun kafin in faɗi abin da zai hana mu gaisawa.

Daga nan na daina kiran kowa. Nakan wuni a rumfa ba wanda zai ce mini sannu, sai kwanon rufi yana ƙara in rana ta yi zafi. Wani lokaci nakan hau kujerar hagu in rufe murfin, in yi ta jan numfashi ko Allah zai sa wani abu ya ratsa. Kaina ya yi nauyi, idona ya yi ruwa, amma hancin ko gezau. A damana ga kujerarta da matashin da ta ɗinka da shuɗin yadi, ta yi masa ɗan aljihu a gefe wai na ajiye alewa, don ta ji an ce kunne yakan toshe a sama. Tun da na ɗora shi a wurin ban ɗaga ba, Dogo ma ya san ba a ajiye hula a kai. Kaɗaici ya dame ni a kwanakin nan fiye da makon da aka yi rasuwar, don a lokacin akwai mutane. Da tana nan da tuni ta tsaya a ƙofa ta nuna mini wurin da baki, ta ƙara da cewa na cika taurin kai.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Ranar wata Asabar sai ga Auta a tasi, ta sauke kwalaye a ninke, ɗaure da igiya. Cikinta ya fito sosai, tana tafiya tana dafe ƙugu.

"Baba, ina wuni. Na kawo kwalaye ne mu fara rage kaya a hankali."

"Ruwa ya sauka ne ban sani ba?"

"Bai sauka ba, amma ka ga sama."

"Na gani. Sama ta saba yin ƙarya."

Ta biyo ni rumfa tana lissafa mini abin da za a ɗauka da abin da za a bayar. Ko taku uku ba ta yi a ciki ba ta toshe baki da mayafi, ta juya da gudu-gudu, ta durƙusa a gindin katanga. Na kawo mata ruwa a buta. Da ta wanke baki ta ɗago idonta jawur.

"Tun da na samu cikin nan na zama kamar kare. Man gashin mijina ma na sa an jefar. Yaya kake zama a cikin wannan abin?"

Na tsaya da buta a hannu ina kallon hancinta. Hancin uwarta ne sak, ɗan siriri mai tsini.

"Auta, ki ara mini shi."

"Me?"

"Hancin. Zan buɗe ƙofofi duka iska ta ratsa. Ba za ki shiga ciki ba, ki zagaya kawai ki nuna mini inda ya fi ƙarfi."

Ta dube ni, ta dubi kwalayenta. Yarinyar ba sakarya ba ce, ta san abin da nake roƙo, kuma ta san abin da zai jawo mata in an dace. Duk da haka ta miƙo hannu na tashe ta.

Na wangale ƙofar gaba da ta baya. Ta fara daga wutsiya, mayafi a baki, tana ɗan janyewa tana shinshinawa. Ta wuce fiffiken hagu. Ta tsaya a wajen injin ta ce akwai, amma tsohon wari ne, irin na tsummana. Ta zo gefen dama, ta leƙa wurin zaman, nan take ta kau da kai tana tari.

"Nan ne."

"Ina?"

"Kujerar Mama."

"A'a, ƙasa dai, wajen famfo."

"Baba, hancinka ne ko nawa? Matashin nan ne."

Ban motsa ba. Ita ta sa hannu ta ɗaga shi. Samansa fes, ƙasansa kuwa yadin ya dafe ya yi taswira, soson ya narke yana manne wa yatsa. Duk abin da ya tsatso shi yake shanyewa, shi ya sa ko ɗigo ɗaya bai taɓa kaiwa ƙasa ba. Na kwance ɗan faifan da ke ƙarƙashi. Ga mahaɗar bututun nan, noti uku, kowanne da jansa.

"Kin gani ko," na ce, har da ɗan jin daɗi. "Ba daga nan ba ne. Akwai ɗigon uwarki."

Auta ta karɓi tocila ta haska. Ni ma sai a lokacin na dube su da kyau. Ɗigon Sufeto ƙanana ne, zagayayyu, kamar ƙwayar gero. Waɗannan manya ne, sun karkace, ɗaya ma ya zarce ya ja wutsiya. Can gefe a kan ƙarfen kujera akwai wani ɗigon shi kaɗai, inda babu noti ko kusa.

Auta ta sauke tocilar. Ta kashe, ta nemi kujerar robar nan ta zauna.

"Ina nan aka yi su," ta ce. "Lokacin da aka sallamo ta na ƙarshe. Ka tafi neman allurar nan da aka rasa a ko'ina, ka wuni ba ka dawo ba. Ta ce in kamo ta in kawo ta rumfa. Na hana, ta ce in ban kawo ta ba za ta rarrafo. Ni na riƙe mata kwalbar."

"Ba ta ɗigawa sai ta ga na ja."

"Ta taɓa su da yatsa, ta ce a ɗaure suke. A lokacin ko murfin ruwan roba ba ta iya buɗewa, Baba, komai a ɗaure yake a wajenta. Ta ce, babanki ba zai iya ɗiga wa kansa ba, zai yi ta tsayawa da sifana yana jirana, bari in rage masa. Ni ban san ma'anar abin ba, na ɗauka ado ne."

Na tuna. Da hannu na ɗaura bututun nan don in gwada tsayinsu, da niyyar in ja su washegari, washegarin da muka kwana a asibiti. Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske, irin wanda ban yi da ita ba tun muna yara. Matar da ta sa ni maimaita noti saboda kaza, ita ce ta bi ta shafa mini ja a kan abin da zai iya ƙone mutum a sama. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga babu wanda zan yi wa. Na zauna a kan bokiti.

"Ka gwada mana," in ji Auta a hankali. "Ƙila ma a ɗaure suke."

Na ɗauko sifana biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ja. Na daɗe da su a kan notin ban ja ba, don na san da ya motsa jan zai tsage. Da na ja, ko gardama bai yi ba, ya juya sumul kamar murfin kwalba. Jan ya tsage, ɓarɓashinsa ya zuba a kan yatsana. Na biyu ma haka. Na ukun ya fi su sakewa.

"Na ɗaure," na ce. Bakina ne ya faɗa, ban shirya ba.

Rumfar ta yi tsit. Can Auta ta buɗe jakarta ta yi ta lalube, ta fito da wata 'yar kwalbar jan farce, ruwan hoda mai ƙyalƙyali, irin na 'yan yanzu. Ta matso tana toshe hanci.

"Me Mama take cewa?"

"Na gani."

"To ban gani ba, ina neman kwalba. Sake."

Na sake, ta ce ta gani, ta ɗiga. Daga nan ta zagaya da ni ta nuna mini duk inda suka bi a ranar, ni kuma na koyi gane su da ido, duk ɗigon da ya yi girma ya karkace. Sun fi yadda na zata yawa, har da na igiyar birki. Muka yi wasu tare, sai mai tasi ya dawo yana danna oda a waje.

Kafin ta fita ta ɗauki matashin da yatsa biyu. "Wannan sai dai a ƙone shi."

"Na sani."

Ta juya shi, ta kai ɗan aljihun alewar nan hancinta, can gefen da man bai kai ba. Ta rufe ido.

"Me kike ji?" na ce.

"Man hannunta. Wannan mai ƙamshin lemo. Da ɗan hayaƙin kicin."

Na karɓa na kai nawa hancin, na ja har ƙirjina ya yi zafi. Yadi ne kawai. Na ɗauko almakashi na yanke aljihun na ba ta, don a wajenta yake da amfani. Ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta waigo.

"Da na yi shiru da na tafi da kai."

"Da kin yi shiru da ba Sufeto ce ta haife ki ba."

Ta bar mini kwalbar, ta bar kwalayen ma a jingine a zaure.

Sauran ni kaɗai na bi su. Kowanne sai na tsaya na dube shi kafin in ɗora sifana, na san nan ta dafa, nan hannunta ya kufce. Wasu na same su a ɗaure, amma ba yadda za a yi in sani sai na ja, in na ja kuwa jan ya tafi. Na share ɓarɓashin da tsintsiya tare da ƙurar ƙarfe, na ƙone matashin a bayan katanga, ya kama da wani irin ƙarfi har na ja da baya. Na wanke wurin da sabulu, na bar murfin a buɗe ya sha iska. Na ɗaura sabon balan-balan. Ya wuni a kumbure, ya kwana, na same shi da safe yadda na bar shi. Na cire shi na sake zuba mai.

Dogo ya zo ya shiga ya rufe. Ya daɗe a ciki, har na fara zargin barci ya yi. Da ya buɗe sai ya ce, "Warin tsoho kawai nake ji, kuma ban sani ba ko naka ne ko nawa." Ya bi jirgin da tocila tun daga hanci har wutsiya, yana taɓa wannan yana girgiza wancan. Ya yi tsaki da ya ga ruwan hoda mai ƙyalƙyali, bai dai tambaya ba. A kan ƙarfen kujerar dama ya tsaya.

"Wannan jan fa? Babu noti a nan."

"Bar shi. Wannan ba ya riƙe komai."

Washegari da hantsi muka tura shi fili. Tela ya fito da tef a wuya, mai shago ya rufe shagonsa, mutanen da suka yi shekaru suna ce mini Kyaftin suka jeru a inuwar katanga suna jiran abin ba da labari. Dogo shi kaɗai ya shiga, haka ƙa'idar tashin farko take. Farfela ta juya, injin ya kama, ya gangara can ƙarshen fili ya juyo. Ya taho yana tsalle a kan ciyawa, yana tsalle, sai na ga haske tsakanin tayoyin da ƙasa. Ya haye saman bishiyoyi ya karkata hagu. Aka yi ta tafi, wani ya buga mini kafaɗa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, amma murnar ba ta sami inda za ta sauka ba. Idona yana kan gefen dama na gilashin, inda rana take ratsawa ta fita ta ɗaya gefen.

Ya sauka lafiya. Ya ce yana ɗan ja dama, kuma birkin kamar na amalanke, amma jirgi ne. Daga bakin Dogo wannan kirari ne. Muka mayar da shi rumfa, jama'a suka watse, shi ma ya hau babur ɗinsa.

Na kira Auta na gaya mata. Ta yi dariya, muryarta a toshe.

"To Baba, ka ci. Ka zauna a gidanka."

"Na zauna."

"Labulen dai ba zan cire ba."

"Ki bar shi, ya yi wa ɗakin kyau."

Da yamma iska ta taso, ruwan farko ya fara buga kwanon rumfa. Na kulle ta, na wuce kwalayen a zaure, na shiga kicin zan dafa shayi. Kafin in ƙyasta ashana na kaɗa ruwan sabulu a kofi, na durƙusa gaban tukunyar gas, na bi bakin tiyon da buroshi. Na jira, babu kumfa. Duk da haka na ɗauko sukudireba na ƙara jan maɗaurin.

"Na ɗaure," na ce.

Na ɗan jira kaɗan, sannan na miƙe na ɗora ruwa, na kofi ɗaya.